Jan ƙarfe, azurfa da ɓawon jatan lande: Neman mafita yayin da ƙwayoyin cuta ke bijire wa magani

A shekarar 1983, wata masaniyar ƙwayoyin cuta mai suna Phyllis Kuhn tana koyar da ma'aikatan shara da goge-goge a wani asibiti da ke jihar Pennsylvania ta Amurka. Domin ta nuna musu abin da ido ba ya gani, sai ta sa aka shafo datti daga wurare daban-daban na asibitin, aka shuka shi a farantan gwaji. Cikin wuraren da aka shafa har da mariƙan ƙofa iri biyu: sababbi na ƙarfe mara tsatsa masu walƙiya, da tsofaffi na tagulla da suka dafe, waɗanda duk mai kallo zai ce su ne matattarar ƙazanta.

Sakamakon ya zo a juye. Farantan da aka shuka daga mariƙan masu walƙiya sun cika maƙil da bakteriya, na tsohuwar tagullar kuwa ɗan abin da ya tsiro a cikinsu bai taka kara ya karya ba. Ta rubuta gajeriyar maƙala tana jan hankalin asibitoci cewa kada su yi gaggawar cire tagulla don neman ƙyalli. Ba a kula ta sosai ba a lokacin, domin zamani ne da ake ganin kowace cuta ta bakteriya akwai kafson da zai kashe ta.

Wannan zamanin ya wuce. Binciken da mujallar Lancet ta wallafa a farkon 2022 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 ne suka mutu kai tsaye saboda bakteriyar da ta bijire wa magani, kuma matsalar tana da hannu a mutuwar kusan mutum miliyan 4.95. Yankin da ya fi kowanne yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a shi ne Afirka ta Yamma, da kimanin mutum 27 cikin kowane 100,000. Kason Najeriya a lissafin shi ne mutum 64,500 kai tsaye. Ba sai an je nesa neman dalili ba: ana sayen antibayotik a kemis da tasha ba tare da takardar likita ba, ana shan rabi a ajiye rabi, ana zuba wa kaji a ruwan sha, har akwai masu fasa kafso su barbaɗa garin a kan gyambo. Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin a 1928, ya yi gargaɗi a kan irin wannan tun a jawabinsa na karɓar kyautar Nobel a 1945.

Ganin sababbin magunguna ba sa fitowa da saurin da tsofaffin ke mutuwa, masu bincike suka waiwayi abubuwa biyu da ɗan Adam ya daɗe da sani: ƙarafa irin su jan ƙarfe da azurfa, da kuma wasu sinadarai masu siffar doguwar sarƙa da ake samu a jikin tsirrai da ƙwari da halittun ruwa.

Yadda jan ƙarfe ke kisa

Antibayotik maharbi ne mai saiti ɗaya. Fenisilin yana hana bakteriya gina katangar jikinta, wani maganin kuma yana toshe mata wurin ƙera furotin. Da zarar ƙwayar ta sauya wannan wuri guda, ko ta samo sinadarin da zai lalata maganin, shi ke nan, harsashi ya tashi a banza. Jan ƙarfe kuwa taron dangi yake yi. Idan bakteriya ta sauka a kansa, ƙananan ɓurɓushinsa masu caji suna narkewa su huda fatarta, su shiga ciki su haddasa wasu sinadarai masu ƙuna, su lalata furotin, daga ƙarshe su daddatsa ƙwayoyin gadonta. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci, domin bakteriya tana iya tsintar dabarar bijirewa daga gawar 'yar uwarta. Idan an daddatsa gadon, babu abin da za a gada.

Farfesa Bill Keevil na Jami'ar Southampton a Ingila ya shafe shekaru yana gwada wannan. Ƙwayar MRSA, wadda ta addabi asibitocin duniya, tana iya yin kwanaki da rai a kan ƙarfe mara tsatsa, amma a kan jan ƙarfe ba ta wuce 'yan sa'o'i. A 2008 hukumar kare muhalli ta Amurka ta yi wa ɗaruruwan gaurayen ƙarafa masu ɗauke da aƙalla kashi 60 cikin 100 na jan ƙarfe rajista, bisa shaidar cewa suna kashe sama da kashi 99.9 na wasu nau'o'in bakteriya cikin sa'o'i 2. Shi kansa jikin mutum ya san wannan dabara: fararen ƙwayoyin jini idan sun haɗiye bakteriya, sukan watsa mata jan ƙarfe a cikin ɗan kurkukun da suka tsare ta.

Tambayar da ta fi wuya ita ce ko hakan yana rage yawan marasa lafiya. A 2013 aka wallafa sakamakon wani gwaji a sassan kulawa ta musamman na asibitoci 3 a Amurka, inda aka sauya ƙarafan gefen gado, sandar rataya ledar ruwa, hannun kujera da makamantansu da na jan ƙarfe. Masu binciken sun ce cututtukan da ake ɗauka a asibiti sun ragu da kashi 58 cikin 100. Adadin ya yi daɗin ji, har ya yi yawa. Wasu masana sun soki yadda aka tsara gwajin, kuma nazarce-nazarcen da suka biyo baya sun fi amincewa da cewa jan ƙarfe yana rage ƙwayoyin da ke kan kaya fiye da cewa ya rage cuta da wannan gwargwado. Ita ma hukumar ta Amurka ta gindaya sharaɗi: ƙari ne a kan shara da wanke hannu, ba ya maye gurbinsu.

Akwai kuma abubuwan da ɗakin gwaji ba ya faɗa. Idan aka shafa wa tagulla fenti ko man ƙyalli, aikinta ya tsaya, domin dole ƙwayar ta taɓa ƙarfen tsirara. Sannan jan ƙarfe yana da tsada, kuma a ƙasar da ɓarayi ke tone wayar lantarki su kai wa 'yan jari-bola, mai son sanya wa asibitin gwamnati mariƙan tagulla sai ya yi lissafin mai gadi tare da na maƙeri.

Tulun tagulla da haɗarin dalma

A Indiya an daɗe ana ajiye ruwan sha a tulun tagulla. Wani bincike na haɗin gwiwa tsakanin Rob Reed na Jami'ar Northumbria da abokan aikinsa na Indiya, wanda aka bayyana a 2005, ya nuna bakteriyar E. coli tana ƙarewa a cikin irin wannan tulu kafin kwana 2, alhali tana nan da ranta a tulun ƙasa da na roba. A wani ɓangaren kuma, tukunyar tace ruwa ta yumɓu da ake shafa wa ruwan azurfa, wadda Fernando Mazariegos ya ƙirƙira a Guatemala a 1981, ta yaɗu zuwa ƙasashe da dama, har da masana'antar da ke yin ta a yankin Tamale na arewacin Ghana.

Mai karatu zai iya tuna maƙeran tagulla na Bida da na Kano, ya ce ai ga mafita a gida. A nan ake buƙatar taka-tsantsan. Sau da yawa akan gauraya tagulla da dalma don ta yi sauƙin sarrafawa, balle wadda aka narkar daga tarkacen famfo da kayan mota. Dalma kuwa ba ta da wani amfani a jikin mutum, guba ce zalla, musamman ga ƙwaƙwalwar yaro. Zamfara ta ga haka a 2010, lokacin da ƙurar dutsen zinariya mai dalma ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. A 2012 ma hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri a Boston da aka samu dalma a jininsa, aka bi sawu aka gano tozalin da aka kawo daga Najeriya ne, wanda sama da kashi 80 cikin 100 nasa dalma ce. Duk tulun da ba a auna ƙarfensa ba, bai cancanci a ba yaro ruwa daga cikinsa da sunan magani ba.

Azurfa: daga idon jarirai zuwa ɗakin masu ƙuna

Tarihin azurfa a asibiti ya fi na jan ƙarfe tsawo. (Kwanukan da ake kira silba a kasuwa ba azurfa ba ne, don haka ba su cikin wannan magana.) A farkon shekarun 1880, likitan haihuwa Carl Credé na birnin Leipzig a Jamus ya fara ɗiga ruwan gishirin azurfa a idon jarirai da zarar an haife su, don kare su daga ciwon sanyin da suke ɗauka daga uwa, wanda ke makantar da yara da yawa a lokacin. Cutar ta faɗo daga kusan jariri 1 cikin 10 zuwa ƙasa da 1 cikin 100. A 1968 Charles Fox na Jami'ar Columbia ya haɗa azurfa da wani maganin salfa, aka samu farin man nan da ake shafa wa masu ƙuna, wanda har yau yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma duk wanda ya yi jinyar ƙunar fetur ko ta ruwan zafi a Najeriya zai iya gane shi.

Abin da ya sabunta maganar azurfa shi ne fasahar nano, wato niƙa abu ya koma ƙanƙanta fiye da kima. Kaurin gashin kai guda ya kai nanomita kusan 80,000, ɓurɓushin azurfar da ake magana kuwa ba ya wuce 100. Idan abu ya yi ƙanƙanta haka, fuskarsa da ke taɓa duniya tana ƙaruwa, kamar yadda garin sukari ya fi mai ƙwaya saurin narkewa a shayi. Ɗan kaɗan sai ya yi aikin mai yawa.

Sai dai shaidar ba ta tafi bai ɗaya ba. Nazarin da aka tattara a kan man ƙuna mai azurfa ya nuna cewa a ƙunar da ba ta yi zurfi ba yana iya jinkirta warkewa, domin azurfa ba ta bambanta bakteriya da sabuwar fatar da ke tohowa. A Birtaniya an gwada robar fitsari mai rufin azurfa a kan majinyata sama da 6,000, aka wallafa sakamakon a 2012: ba ta rage cutar mafitsara ta yadda za a ce an ga bambanci ba.

Najeriya ma ta taɓa ɗanɗana zumuɗin azurfa. A watan Agustan 2014, ana tsakiyar fargabar Ebola a Legas, ministan lafiya na lokacin, Farfesa Onyebuchi Chukwu, ya sanar cewa za a gwada wani abu mai suna Nano Silver a kan majinyata. Cikin 'yan kwanaki gwamnati ta janye, ta ce bai cika sharuɗɗan gwaji a kan mutane ba, hukumar abinci da magunguna ta Amurka kuma ta gargaɗi masu tallarsa. Har yanzu ana tallar ruwan azurfa na sha a intanet da sunan maganin komai. Babu wata cuta da aka tabbatar shan sa yana warkarwa. Abin da aka tabbatar shi ne mai yawan shan sa fatarsa tana rinewa ta koma toka-toka mai shuɗi, kuma ba ta komawa yadda take.

Su ma ƙarafan ana bijire musu

Masu talla suna son cewa bakteriya ba ta iya bijire wa ƙarfe. Ba haka ba ne. Tun a 1975 aka ba da rahoton wata Salmonella da ta ɓulla a ɗakin masu ƙuna na babban asibitin Massachusetts, ta jure wa azurfa da antibayotik da dama lokaci guda, ta kashe majinyata 3, har aka rufe ɗakin. Daga baya aka gano tana ɗauke da ƙwayoyin gado da ke gina mata wani irin famfo mai fitar da azurfar waje. A 2018 masu bincike a Olomouc ta ƙasar Czech suka nuna cewa E. coli da aka yi ta ba ɓurɓushin azurfa kaɗan-kaɗan ta koyi fitar da wani furotin da ke dunƙule shi ya zama mara amfani. Abin da ya karya wannan dabara a gwajin nasu shi ne ruwan ɓawon rumman.

Mafi muni shi ne, ƙwayar gadon jure wa ƙarfe takan zauna a kan zobe ɗaya da ta jure wa antibayotik, don haka mai raya ɗaya ya raya ɗayar. Turai ta ga haka a gonakin aladu, inda aka yi shekaru ana zuba sinadarin zink mai yawa a abincin ƙananan dabbobi don hana gudawa, sai aka lura yana taruwa a ƙasa, kuma yana taimaka wa MRSA yaɗuwa. Tarayyar Turai ta haramta wannan amfani daga watan Yunin 2022. Sanya azurfa a safa da kayan wanki da buroshin haƙori, kamar yadda kamfanoni ke yi, hanya ɗaya ce da wadda aka bi aka lalata antibayotik.

Sarƙoƙin da halitta ta ƙera

Polima kalma ce da masana ke kiran duk sinadarin da aka gina da ƙananan guntaye iri ɗaya da aka jera, kamar 'ya'yan carbi a zare. Leda da roba polima ne na masana'anta. Auduga, sitaci da ƙaro kuwa na halitta ne, jiki ba ya ƙyamarsu, kuma suna ruɓewa a ƙasa.

Wanda ya fi jan hankali a cikinsu shi ne kaitosan. Asalinsa kaitin ne, sinadarin da ke ba ɓawon jatan lande da ƙaguwa tauri. Shi ne kuma ke sa fara ta yi ƙaras-ƙaras a baki. Bafaranshe Henri Braconnot ya fara ware shi daga naman kaza a 1811. Ana wanke ɓawon da asid don cire alli, a cire furotin, sannan a dafa shi a ruwan soda mai ƙarfi, sai ya koma kaitosan. Sirrinsa a caji yake. Fatar bakteriya tana ɗauke da caji mai ragi, kaitosan kuma mai ƙari, don haka yana manne mata kamar maganaɗisu ya sa ta yoyo. Haka yake janyo jajayen ƙwayoyin jini su dunƙule, shi ya sa bandejin HemCon da aka amince da shi a Amurka a 2002 ya shiga jakar sojojinta a Iraƙi da Afganistan don tsayar da jini.

Rauninsa ma a nan yake. Cajin nasa yana da ƙarfi ne a ruwa mai ɗan tsami. A yanayin jinin mutum sai ya yi sanyi, ya ƙi narkewa. Kuma kaitosan da aka yi yau ba lallai ya yi daidai da na gobe ba, domin tsawon sarƙar yana bambanta gwargwadon ɓawon da yadda aka dafa shi. Likita kuwa ba ya iya aiki da maganin da ƙarfinsa ke sauyawa daga kwali zuwa kwali.

Shi ya sa binciken ya fi karkata ga haɗa biyun. Aljinet, wanda ake samu daga ciyawar teku, ba ya kashe bakteriya sosai, amma yana tsotse ruwan gyambo ya koma kamar kamu mai kauri, ya bar wurin da danshi, kuma ba ya ɗaye sabuwar fata ranar wanki. Idan aka saƙa azurfa a cikinsa, sai ya riƙa sakinta sannu a hankali, daidai abin da zai kashe ƙwayar ba tare da ya ƙone naman ba. Irin wannan bandeji yana kasuwa tuni. Inda aka fi sa masa rai shi ne tsohon gyambo, kamar na ƙafar mai ciwon suga, inda bakteriya ke lulluɓe kanta da wani yauƙi mai kama da gansakukar randa, wanda maganin sha ba ya ratsawa da sauƙi.

Abin da ke hannun Najeriya

A Jami'ar Fasaha ta Ladoke Akintola da ke Ogbomoso, Farfesa Agbaje Lateef da tawagarsa sun yi amfani da ruwan kwanson goro wajen haɗa ɓurɓushin azurfa, suka gwada shi a kan bakteriya masu jure wa magunguna, har suka zuba shi a fenti don hana ƙwayoyin cuta zama a bango. Ƙaro, wanda Najeriya ke cikin manyan masu samar da shi daga dakwarar Borno, Yobe da Jigawa, yana cikin abubuwan da masana a duniya ke amfani da su don hana ɓurɓushin azurfa dunƙulewa, kuma akwai tashar bincike a kansa a Gashuwa. Ɓawon jatan lande kuwa zubar da shi ake yi a garuruwan bakin teku.

Kayan aiki ba su ne matsalar ba. Yawancin irin waɗannan bincike, a nan da sauran ƙasashe, suna tsayawa ne a farantin gwaji: a ɗiga abu, a auna faɗin da'irar da bakteriya ta kasa tsirowa, a wallafa. Ruwan bilic ma yana yin wannan da'irar. Tsakanin faranti da gadon asibiti akwai gwajin guba, gwaji a kan dabbobi, gwaji a kan mutane, da rajistar NAFDAC, kuma kowanne yana cin kuɗi da shekaru. Tsarin ƙasa na biyu na yaƙi da bijirewar ƙwayoyin cuta, na 2024 zuwa 2028, shi ne wurin da ya kamata a nemi kuɗin wannan gada.

Cikin jiki fa?

Duk abin da aka ambata a waje yake aiki: a kan ƙofa, a tulu, a kan rauni. Yaron da taifot ta kama, ko jaririn da cuta ta shiga jininsa, antibayotik yake buƙata, kuma babu azurfa ko kaitosan da zai tsaya a madadinsa. Amfaninsu shi ne rage yawan waɗanda za su kai ga wannan hali.

Akwai dai ƙarafa biyu da ake gwada shigar da su ciki. Bismut ya daɗe a cikin haɗin magungunan da ake ba masu gyambon ciki don kashe bakteriyar H. pylori. A 2018 masana a Jami'ar Hong Kong suka nuna yana iya kashe kaifin NDM-1, sinadarin da wasu ƙwayoyi ke lalata antibayotik mafiya ƙarfi da shi, har maganin ya dawo yana aiki a jikin ɓeraye. Galiyam kuma yaudara yake yi. Ya yi kama da sinadarin ƙarfen da bakteriya ke buƙata don rayuwa, sai ta haɗiye shi da zumuɗi, ya shiga injinanta ya tsaya cik. A shekarar ta 2018, likitoci a Jami'ar Washington suka ba majinyata 20 masu wata cutar huhu ta gado galiyam ta jijiya, numfashinsu ya ɗan inganta. Da aka maimaita gwajin a kan mutane masu yawa, aka kwatanta da waɗanda ba a ba su ba, bambancin bai kai mizanin da aka sa tun farko ba. Daga baya aka gwada ba da shi ta hanyar shaƙa, don ya isa huhu kai tsaye.